Kwalbar Rubutun Baba

Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina matsoraciya ba. Tun ina da ƙuruciya nake shiga mota a tashar Kejetia ta Kumasi in tafi Lome saro atamfa, in yi cacar baki da 'yan kwastan da ɗan Turancina na kasuwa, in dawo da kayana cif. Amma tafiyar da na yi Italiya wurin ƙanena Sani ta nuna mini ashe tsoro na kwance a cikina, bai dai samu mai tashinsa ba. Kuma ba jirgin ne ya firgita ni ba. Kwalba ce ta roba, irin babbar nan ta ruwan sha, cike da rubutu.

Babanmu malami ne a Zongon Kumasi. Sani shi ne ɗansa namiji tilo, shi ake sa ran zai gaji makarantar. Sai ya bi abokai ta sahara ya tsallaka teku. Baba ya ce ba da yawunsa ba, kuma daga ranar bai ƙara karɓar wayarsa ba, shekara fiye da goma. Kwatsam sai ga labari Sani na kwance a asibiti, za a yi masa aikin zuciya, likitoci kuma ba su ɓoye masa cewa aikin na da haɗari ba. Matarsa Zainabu na fama da yara ƙanana, aka nema mini biza in je in kama mata. Baba ya ji duk wannan. Sai ana gobe zan tashi, da hantsi, ya ce a miƙo masa allo da tawada. Mutumin da ya daɗe da ajiye alƙalami saboda rawar hannu, ya zauna ya cika allon, ya wanke da kansa, ya ɗura a kwalba.

Ya ce, "Rabi, ki kai masa ya sha kafin su sa masa wuƙa. Kada ta taɓa ƙasa, kada ta shiga banɗaki, kada ta zauna ƙarƙashin ƙafar kowa."

Duk gidan mun gane abin da ke cikin kwalbar. Magani ne, e, amma yafiya ce wadda bakin Baba ya kasa furtawa. In Sani ya shiga ɗakin tiyata bai sha ba, kuma ta Allah ta kasance, to ya tafi ke nan da fushin mahaifi a kansa.

Masu ilimin gidanmu suka ce in sa ta a babban akwati, wai akwai doka a kan ruwa a jakar hannu. Na ce to babban akwatin ina ake ajiye shi? Suka ce a cikin jirgi, can ƙasa. Na ce ƙasan me? Suka ce ƙasan kujeru. Na ce to kun gama magana, ayar Allah ba za ta kwanta ƙarƙashin takalman mutum ɗari ba, tsakanin busasshen kifi da garin rogo. Ga kuma maƙwabcinmu Alhaji Issa, wanda muke kira Boga saboda zaman Turai da ya yi, ya rantse mini dokar ta mutu. Ya ce an kawo sababbin injuna masu ganin cikin komai, shi kansa da ƙatuwar kwalbar turare ya wuce ba wanda ya ce masa ci kanka. Ba ƙarya ya yi mini ba, bayan shigowarsa ne aka sake juya abin.

A Akra aka fara cin ƙaniyata. Ina sauka daga tasi a bakin filin jirgi, wani mutum mai igiya a wuya da kati a ƙirji ya taro ni da Hausa zaƙwai. "Hajiya, sannu da hanya. 'Yar Kumasi ce ko? Kakata 'yar Aboabo ce." Da ya ga yadda na rungume jakar, ya tambaya, ni kuma da sakin baki na gaya masa. Ya dafe kai ya ce ai da na yi asara, sai an sa mata hatimi. Ya ja ni gefe, ya zura kwalbar a wata leda mai jan baki da rubutun Turawa, ya manne, ya ce yanzu ko shugaban ƙasa ba shi da ikon buɗe ta. Na ba shi abin da ya nema har da godiya. Ni da nake gane atamfar jabu daga nesa, aka sayar mini da ledar banza ina ta sa albarka. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, ya riga ya tare wata tsohuwa, na ji yana ce mata kakarsa 'yar Tamale ce.

A wurin bincike na can gida abin ya zo da sauƙi. Matar da ke duba jaka ta ɗaga kwalbar, ta dubi baƙin ruwan, ta dube ni. Na ce mata da yaren Asante, aduro ne, wato magani, na ƙanena ne da ke kwance. Ta ɗan yi shawara da na kusa da ita, ta ce magani na da sassauci, in wuce. Amma ta ƙara da cewa, "Maame, inda za ki ba su san wannan ba." Na yi murmushi kawai, a raina ina cewa ai ina da hatimi.

A cikin jirgi kusa da wata Ba'asantiya na zauna, mai jiki, mai yawan magana, sunanta Maame Adwoa, tana da shagon gashi a unguwar Oforikrom ta Kumasi, za ta wurin 'yarta da ta haihu. Ma'aikaciyar jirgi ta ce in sa jakata ƙarƙashin kujerar gabana. Na ce a'a. Ta ce to a ɗora sama. Na leƙa na ga wani ya cusa takalmansa a ciki, na ce nan ma a'a. Da ƙyar aka sama mata wuri a sama ita kaɗai har muka tashi, sannan na sauko da ita na ɗora a cinya. Ban ci ba, ban sha ba, don kada fitsari ya matsa mini. Amma jiki ba ya jin rarrashi. Da tafiya ta yi nisa na fara mutsu-mutsu a kujera, gumi na keto mini.

Maame Adwoa ta ce, "Ke, je ki kafin ki ba mu kunya. Kawo in riƙe miki."

Na tsaya ina kallonta. Kirista ce, da sarƙar gicciye a wuya, ban san ta da alwala ba. Sai ta zaro wani farin hankici daga jaka, ta shimfiɗa a tafin hannuwanta biyu, ta miƙo. Ta ce uwarta ta sha irin wannan rubutun a Zongo lokacin da haihuwa ta ƙi, ta san abin girmamawa ne. Da na dawo na same ta yadda na bar ta, hannu biyu a sama, ba ta ko jingina ba. Daga nan ta nuna mini nata sirrin, wata babbar kwalbar man zaitun da fastonsu ya yi wa addu'a don jaririn. Ita ma an ce mata dokar ta faɗi.

Gari ya waye muka sauka a ƙasar da za mu sauya jirgi. Sanyi ya fara gaishe ni tun daga bakin ƙofa. Ba wanda ke kallon wani, kowa na sauri, kasuwa guda ta mutane amma ba ka jin ko sallama. Nan kewar gida ta fara kama ni. Na tuna a daidai lokacin mai koko ta ƙofar gidanmu ta ɗora tukunya, Baba na zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Muka bi kibiya muka faɗa wani dogon layi, ashe wani binciken ne sabo fil. A gefen layin an kafa allo da hoton kwalba an ja mata jan layi, ga kuma wani ma'aikaci na maimaita magana ɗaya: komai mai ruwa kada ya wuce mililita ɗari. Kusa da shi wani ƙaton kwandon shara, cike da kwalaben ruwa da na giya da man shafawa.

Maame Adwoa ce a gabana. Ta ce musu an ce an daina. Ma'aikacin ya ce an daina, an kuma dawo da ita, wani filin na bari, wani ba ya bari, nan dai ba a bari. Ta roƙa, ta kira sunan Yesu, ta nuna hoton jaririn a waya. Mutumin ya ce ya yi haƙuri da ita, ya ɗauki man ya saka a kwandon. Na ji ƙarar faɗuwarsa a kan kwalaben giya.

Jakata ta shiga injin ta fito ta wata hanya daban. Wani dogo mai safar hannu ya zaro kwalbar. Ya juya ledar, ya kankare jan bakin da farce, ya kira wani, wancan ma ya kira wata. Ashe irin ledar da shagunan cikin filin jirgi ke rufe kaya ce aka kwaikwaya, kuma a wurinsu wanda ya zo da ta jabu yana da abin da yake ɓoyewa. Ga baƙin ruwa ba suna ba takarda, ga ni da hijabi. Mutanen layi suka fara ja da baya. Aka karɓi fasfona, aka ce in biyo su. Na waiwaya na hango Maame Adwoa ana kora ta gaba, tana ɗaga mini hannu tana share ido, ban ƙara ganinta ba har yau.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga. Aka ajiye kwalbar a kan tebur, na gode wa Allah da ba a ƙasa ba. Suka goga wani ɗan ƙyalle a jikinta, da tafin hannuna, da bakin jakata, suka sa a inji. Duk labaran da ake bayarwa a Zongo suka dawo mini: wadda aka ba saƙo ashe ƙwaya ce, wanda aka mayar gida da ankwa. Na ce shi ke nan, Sani zai shiga tiyata yayarsa na kurkuku, Baba kuma zai ji a bakin mutane. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Shugabarsu wata mace ce mai furfura, gajeriya, fuskarta ba fara'a. Ta ce, "Mene ne wannan?"

Turancina na ciniki ne, na san nawa ne da rage mini. Ta ina zan fara? Na ce ruwa ne da tawada. Ta ce tawadar me? Na ce ta gawayi da ƙaro, babana ya rubuta addu'a a kan katako ya wanke. Ta ce a sha tawada? Na ce e. Ta dubi dogon, dogon ya ɗaga kafaɗa. Ta ce in magani ne ina takardar likita? Na ce likitan ba ya ba da takarda. Na nuna mata hoton Sani a gadon asibiti da wayoyi a ƙirji, na ce babansa ya yi fushi da shi shekara da shekaru, wannan ce maganar farko da ya aiko masa.

Injin ya yi ƙara, aka ce ba a ga komai ba. Na ɗauka an gama. Sai matar ta ce ta yarda ba abin cutarwa ba ne, amma doka doka ce, kwalbar ba za ta wuce ba. Na ce a ba ni ƙaramar kwalba in ɗiba. Ta ce ba su da ita, shaguna na can bayan bincike, ni kuma ba ni da izinin fita waje in nemo. Na ce a sa a akwatina. Ta ce akwatin ya riga ya tafi jirgi na biyu, jirgin ma an fara kiran mutanensa. Ta lissafa mini da yatsu: ko in jefa a shara, ko in shanye a nan, ko in zauna jirgi ya tafi ya bar ni.

Shara dai ko a mafarki. Zama kuma, Zainabu ta riga ta aiko mini da saƙo cewa an matso da aikin, yau ɗin nan ne. Na ce to bari in sha, gara cikina da kwandon giya. Na yage ledar, na buɗe murfin, na yi bisimilla, na kai baki. Ƙanshin tawadar Baba ya bugi hancina, irin na zauren gidanmu. Sai hannuna ya tsaya. Ba ni aka yi wa fushi ba, ba ni aka yafe wa ba. In na shanye, me zan ce wa Sani? Me zan ce wa tsohon da ya yi rabin yini yana kokawa da alƙalami? Kuka ya ƙwace mini, kwalbar ta karkace, rubutun ya fantsalo a kan farin mayafin da ke kafaɗata. Na bi wurin da kallo a firgice kada ya ɗiga ƙasa. Bai ɗiga ba, mayafin ya shanye shi.

Na share hawaye na ce wa matar, "Jiƙaƙƙen zane, shi ma haramun ne a dokarku?"

Ba ta gane ba sai da na nuna mata. Ta ƙare wa mayafin kallo. Dogon ya fara wata magana da yarensu, ta ɗaga masa hannu. Ta ce dokarta ta kwalba ce da abin da ke zuba, ba ta ga inda aka hana mutum sa rigar da ruwa ya taɓa ba. Ta fita ta dawo da wani faranti na roba irin wanda ake sa jaka a ciki, ta goge shi da kanta, ta shimfiɗa sabuwar leda a kai. Na ninke mayafin na kwantar, na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina dannawa. Yadi ne mai kauri, ni na zaɓe shi da hannuna a Lome, amma bai iya shanye duka ba. Na ciro ɗankwalin da ke cikin jaka na ƙara. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar na shanye, na ɗauraye da ruwa na sake sha. Duk wannan matar na tsaye ta tallafe gefen farantin da hannu biyu don kada ya karkata. Da na gama ta miƙo mini fasfona ta ce in yi gudu.

Na yi gudu kuwa, ni da rabona da gudu tun ina yarinya. Leda ta ƙi rufuwa da kyau, kuma ina tsoron ta ɗiga a jaka, sai na rungume ta a ƙirji a cikin hijabi. A jirgi na biyu sanyin jiƙaƙƙen mayafin ya ratsa ni har ƙashi, ina karkarwa, wani Bature da ke gefe ya ba ni bargonsa. Ni kuwa lissafina ɗaya, in na isa in jiƙa mayafin a kofi, in matse, in ba shi.

Zainabu ta tare ni da goyo a baya, ko gida ba mu biya ba muka wuce asibiti. Da na ga Sani sai da na dafa bango. Yaron da ya bar gida da ƙirji kamar ƙofa ya zama ƙashi da fata, gemu duk furfura.

Ya ce, "Yaya Rabi, ke ce?"

Na ce, "Ni ce. Baba ya aiko ni."

Ya kawar da kai. "Kada ki yi mini ƙarya don kin ga ina kwance."

Na buɗe ledar na ɗora masa mayafin a hannu, fari ya koma toka-toka da baƙi. Ya kai hanci. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Can ya ce, "Da hannunsa?" Na ce da hannunsa, ba wanda ya taya shi ko wanke allon.

Na ɗauki kofi zan nufi famfo, wata nas ta shigo ta riƙe mini hannu. Ta nuna wata alama a kan gadon tana magana da sauri. Zainabu ta fassara mini: an hana shi ci da sha tun safe saboda allurar barci, ko ɗigon ruwa ba a yarda ba, yana iya shaƙe shi a kan tebur. Na ce cokali ɗaya. Ta ce ko rabi. Na tsaya da kofi a hannu kamar gunki. Na tsallake teku da shi, na tsallake masu safar hannu, ga shi taku biyu tsakanina da bakin yaron an sake ce mini ruwa ba ya wucewa. Kuma wannan karon ban isa in yi gardama ba, don ransa ake magana. Na zauna a bakin gado na shafa masa mayafin a fuska da ƙirji, ina karanta abin da na iya. Shi kuwa ya damƙe shi ya ja har haɓa, ya juya fuska bango, ya ce mu bar shi ya ɗan huta.

Ba a jima ba suka zo da gadon turawa. Muka bi su har bakin wata ƙofa mai faɗi inda ba a wuce. Nas ɗin ta ce zanen ba zai shiga ba. Ta ja, ya riƙe, ta yi masa magana a hankali, sannan ya saki. Ƙofar ta rufe.

Na zauna a kan benci da mayafin a cinya, ina ninke shi don hannuna ya samu abin yi. A nan na ga kusurwa ɗaya ta koma fari tas, ta yamutse, da shaidar haƙora a jiki. Ashe da ya juya mana baya tsotsa yake yi.

Wayata ta yi ƙara, lambar gida. Na ɗauka ƙanwarmu ce, sai na ji numfashin tsoho. Baba da bai taɓa kiran kowa a waya da kansa ba. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi sanyi ba.

Ya ce, "Ya sha?"

Na dubi farar kusurwar na ce, "Ya sha, Baba."

Sai ya ce, "To. In ya farka, ki ce ya kira ni."